Ɗurin da Rilwanu Ya Bari

Shekara bakwai ke nan Bunu bai ɗauki mutum a bayan motonsa mai ƙafa biyu ba. Yana ɗaukar buhun gyaɗa zuwa Magariya, yana ɗaukar akuya a ɗaure, ya taɓa ɗaukar ƙofar kwano sukutum, amma ɗan Adam ko liman ne sai ya ce taya ba iska. Mutanen Tudun Kanya sun san dalili, ko dai suna tsammanin sun sani. Ƙanensa Rilwanu a bayan moton nan ya mutu, suna dawowa daga farautar zabbin daji da hantsi, bindiga ta tashi ta same shi a ƙarƙashin haɓa.

Abin da gari ya sani shi ne bindigar Rilwanu ce ta tashi a hannunsa. Bunu ne ya faɗa musu haka, kuma ƙarya ce.

Bindigar toka idan an ɗura ta, an zuba albarushi da harsashi an danna tsumma, ba ta da wata ƙofar baya da za a buɗe a zazzage. Maharbi kuwa ba ya son ɓarnar albarushi. Don haka abin da masu hankali ke yi kafin su hau moto shi ne su cire 'yar hular da kunamar bindigar ke sara ta kunna albarushi, su sa a aljihu. Ranar nan Rilwanu ya cire tasa, ya riƙe bindigar a kan cinya bakinta na kallon daji, ya ce, "Yaya, ka cire taka?" Bunu ya ce ya cire. Bai cire ba, yana kwaɗayin ko za su ci karo da zomo a hanya. Ya rataya ta a baya, bakinta sama, daidai fuskar wanda ke zaune a bayansa. A gangaren wani kwazazzabo moton ya yi tsalle.

Ƙarar ma ba ita ce ta zauna masa ba. Goshin Rilwanu ne da ya faɗo ya kwanta a tsakiyar bayansa, kamar yadda yake yi suna yara idan barci ya kwashe shi a kan jaki, moton kuma ya ci gaba da tafiya har wajen taku talatin kafin hannun Bunu ya tuna da birki. Masu girbin dawa suka sheƙo da gudu. Kafin kowa ya tambaye shi bakinsa ya riga ya ce, "Tasa ce ta tashi." Shi da kansa ya naɗe bindigar Rilwanu a buhu ya ɗaure da igiya, ya kai wa matar marigayin, Tabawa. Ba wanda ya yi ƙarfin halin kwance buhun. Ta tura shi ƙarƙashin gado, ɗurin yana ciki yadda mai shi ya danna.

Tun daga ranar, duk ya hau moto ya kama hanyar yashi sai wurin nan na bayansa ya yi nauyi, ya yi ɗumi, faɗin tafin hannu. Ya sha rubutu, ya yi sadakar waina, ya sayar da bindigarsa a kasuwar Mallawa. Bai sayar da moton ba don da shi yake ciyar da gida biyu. Mutane suna yaba shi, wai ba a taɓa ganin wa mai riƙe marayun ƙane kamar Bunu ba, shi kuwa duk yabon yana saukar masa kamar ruwan zafi. Mafi muni shi ne maharban gari. Idan za su fita, sai ka ji Sirajo, babbansu, yana cewa, "Kowa ya cire hula, kada a yi irin ta Rilwanu." Sunan mutumin da ya fi su duka taka-tsantsan ya zama abin yi wa sakarkaru gargaɗi, Bunu yana zaune yana ji, yana gyaɗa kai.

Bana bayan girbi Maigari ya sa aka yi shela: duk mai bindigar farauta a ɗakinsa ya je Magariya ya yi mata takarda, wanda ba ya so ya miƙa ta ga hukuma. Washegari Tabawa ta yi sallama a gidan Bunu da buhun a hannu.

"Yaya Bunu, ka kai ni in rabu da abin nan. Na gaji da kwana a kansa."

Bunu ya dubi buhun. Ya san duk wanda ya karɓi bindiga, abin da zai fara yi shi ne ya zura ƙarfe a bakinta ya ga ko a ɗure take.

"Kawo in kai miki, ki huta da rana," ya ce.

"Maigari ya ce mai gado ne zai je da kartinsa na shaida. Ni zan je."

"To ki bar ta nan ta kwana."

"A'a, bari dai in koma da ita. Daren ƙarshe ne."

Da safe ya lanƙwasa bakin wata doguwar waya ya yi mata ƙugiya, ya naɗe ya sa a aljihu. Da irinta ake zaro tsumma daga cikin bindiga idan ɗuri ya ƙi tashi, ba ƙara, ba hayaƙi. Minti biyar kawai yake nema shi kaɗai da buhun.

Tabawa ta hau a gicciye irin na mata, buhun a kan cinyarta. Moton ya lotsa da nauyinta. Suka fita ta cikin gonaki, karan gero an kwantar, shanun Fulani na kala. Bai iya kallon hanya yadda ya kamata ba, hankalinsa duk yana kan buhun. Ina bakinta ya kalla? Albarushin da ya shekara bakwai a ɗaki, wa ya san halinsa? Ya tabbata ba hula a kanta, da idonsa ya ga an cire, amma kuma ya tuna shi ma ya taɓa cewa ya cire. Duk ramin da suka faɗa sai ya riƙe numfashi. Nauyin nan na bayansa ya zo ya kwanta a wurinsa, alhali Tabawa ko rigarsa ba ta taɓa ba.

Da suka zo kwazazzabon, ya sassauta har moton ya kusa mutuwa. Tabawa ta ce, "Nan ne ko?"

"Nan ne."

Suka haura. Sannan ta ce, a hankali, ba kamar da shi take ba, "Mutum da 'ya'ya huɗu, ya kasa cire hula."

Gaba kaɗan da Dantchiao akwai wani ƙauye inda yayarta Habiba ke aure. Tabawa ta ce ya tsaya ta shiga su gaisa ta sha ruwa. Ta jingina buhun da katangar zana ta shige. Abin da yake nema ke nan, ya zo masa a ɓagas.

Ya ɗauki buhun ya zaga bayan rumbuna. Igiyar ta ruɓe, da ja ɗaya ta tsinke. Bindigar ta yi tsatsa, kunama a kwance, ba hula. Ya durƙusa, ya juya bakinta wajen fili inda ba kowa, ya kauce daga gabanta, ya zura wayar. Ta tsaya a kan abu mai laushi. Ya murɗa, ya ja, ta suɓuce. Ya sake. A karo na uku tsumman ya biyo ƙugiyar, harsashin ƙarfe ya zubo a ƙasa, ya sake zurawa ya zaro tsumma na biyu, albarushi ya biyo baya ya dunƙule kamar busasshiyar daddawa. Ya bubbuga gindin har ta zama wayam.

Shi ke nan. Abin da ya rage kawai ya ture ƙasa a kai da ƙafa, ya ɗaure buhu, ba mai sake sanin komai har abada.

Sai ya warware tsumman da ke hannunsa. Ƙyallen atamfa ne, shuɗi da zanen ganye ruwan ɗorawa, launinsa bai koɗe ba don rana ba ta taɓa ganinsa ba. An naɗe shi tsaf, ninki uku, irin naɗin Rilwanu da ko goro zai ƙunshe sai ya daidaita gefe da gefe. Bunu ya kai hannu zai cusa shi a ramin ɓera da ke gindin rumbun. Hannun ya ƙi. Idan ya binne wannan, ya binne mai shaida ɗaya tak da ƙanensa ya bari a duniya, kuma Nura, babban ɗan marigayin, zai tsufa yana sunkuyar da kai duk lokacin da maharba suka ambaci ubansa.

Yana nan durƙushe Tabawa ta zagayo da kwanon ruwa. Ta ga bindiga a waje, ta ja baya.

"Yaya Bunu, me kake yi?"

Bai ɓoye hannunsa ba. Ya miƙa mata ƙyallen.

Ta ajiye kwanon, ta karɓa, ta juya shi. "Wannan ai zanena ne na haihuwar Rukayya. Ni na yaga masa da asuba ranar da..." Ta tsaya. "A ina ka same shi?"

"A cikinta."

Matar maharbi ce, shekara goma sha biyar tana yaga masa tsumma. Ta dubi harsashin da ke ƙasa, ta dubi albarushin, ta shinshina ƙyallen. Ba ƙuna ko kaɗan.

"Ba ta tashi ba," ta ce.

"Ba ta tashi ba. Ya cire hularsa. Ya tambaye ni ko na cire tawa, na ce masa na cire. Tawa ce, Tabawa."

Ya yi zaton za ta kurma ihu, ko ta ɗauki kwanon ta maka masa, da ma hakan ya fi masa sauƙi. Sai ta zauna a ƙasa daɓas, ta shimfiɗa ƙyallen a gwiwarta tana lallashe shi da yatsa.

"Gero kana kawo mana, ba mu taɓa kwana da yunwa ba," ta ce. "Amma ka san abin da ka ɗauke mini? Shekara bakwai ina fushi da shi. In na ɗaga hannu zan yi masa addu'a sai zuciyata ta ce, sakacinsa ne, shi ya bar ki da yara. Ina yi ne da baki kawai. Ko kuka na ƙwarai ban yi masa ba."

Bunu ya kifa goshi a ƙasa. Daga cikin gida Habiba tana kiran ƙanwarta ta zo ta ɗauki kuka da daddawar da ta ƙulla mata.

Tabawa ta miƙe, ta ƙulle ƙyallen a bakin mayafinta, ta ɗauki bindigar da kanta.

"Magariya sai wata rana. Tashi ka mai da ni gida," ta ce. "Nura yana gona, za a kira shi. Kai za ka gaya masa da bakinka, ni ba zan iya ba."