Diskin Malam Illo da Albasa Biyar

Da safiyar Talata Tsahara ta danna maɓallin ordinatar, wato kwamfuta. Injin ya yi ƙuginsa na kullum, sai gilashin ya tsaya baƙi ƙirin da layi ɗaya na Faransanci, wai bai ga diskin da zai tashi da shi ba. Ta kashe ta kunna. Ta sake kashewa, ta yi bisimilla, ta kunna. Layin nan dai.

Ita ce sakatariyar wani ƙaramin buron aikin gona a Birnin Konni. A cikin injin akwai awon ruwan sama na ƙauyuka goma sha ɗaya, daga Malbaza har Badagishiri, na damina huɗu, duk ita ta buga da yatsunta. Littattafan da manoma suka rubuta awon a ciki kuwa, gara ta cinye su tun bara. Jibi shugaban buro zai kai awon zuwa birnin Tawa, don da shi za a san garuruwan da za a ba irin gero mai saurin nuna.

Jiya ne Abarshi mai gyara, ɗan gwaggonta, ya saka wa injin sabon tsarin aiki. Da yake injin ba shi da wurin saka faifan CD, sai ya aro diskin Malam Illo, malamin lissafi na kwaleji, wanda kayan sakawar ke ciki, ya jona shi kusa da nata, ya bar akwatin a buɗe. Komai ya yi daidai. Ya ce gobe zai zo ya rufe, ya ruga tasha don ana jiransa a Malbaza.

Da hantsi ya iso, ya tarar da ita zaune, hannu a kumatu.

"Taubashiya, mi kika yi mai? Hura kika ba shi?"

Ba ta yi dariya ba. Ya kunna, ya shiga saitin injin, ya ga diskinta na nan da sunansa. Ya cire waya ya hura ya mayar. Ya canza jerin tashi, injin ya ƙi. Can ya leƙa cikin akwatin, ya ga waya ɗaya na reto.

"Ina diskin Malam?"

Ta gaya masa. A gidansu kayan aro ba ya kwana. Jiya da la'asar ta kashe injin, ta zare diskin a hankali yadda ta ga ya jona shi, ta naɗe a sabon kallabi, ta kai wa mai shi. Kuma tunda ba a mayar da tukunyar aro wayam, ta haɗa da albasa biyar.

Abarshi ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye. Da ya huta ya ce laifin nasa ne. Diskin Malam ya jona a matsayin na farko, sai injin ya ajiye abin tashinsa can, sauran tsarin ya zauna a nata.

"Kayanki na cikin ɗaki, ba abin da ya taɓa su. Makullin kika kai gidan maƙwabci."

Ba ta jira ya ƙarasa ba, ta tare kabu-kabu. Ta samu Malam Illo a ƙofar aji, diskin na cikin jakarsa, ko kallabin bai kwance ba. Ya ce yau da yamma ya yi niyyar share shi ya zuba wasu abubuwa. Ta karɓi diskin, ta koma buro da sauri.

Abarshi ya jona, injin ya tashi. Ga Malbaza, ga Badagishiri, damina huɗu cif. Ta hana shi taɓa komai sai da ta kwafi awon a disket uku. Sannan ya mai da nata na farko, ya kwaso makullin ya saka a ciki, ya zare na aro, ya kunna. Injin ya tashi da ƙafarsa.

Da la'asar ta sake naɗe diskin. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta biya kasuwa. Malam Illo ya leƙa ledar da ta kai masa, ya ga albasa, ya ce in haka ne, su zo aro kullum.