Yatsan Mai Gilashi

Maigidana gilashi yake sakawa a tagogi. Ya daɗe a sana'ar har sunansa ya ɓace, kowa Mai Gilashi yake ce masa, ni ma in ya ba ni haushi haka nake kiransa. Yana da wata ɗabi'a da ya ɗauko wurin ubangidansa: in ya kafa gilashi, ba ya shafe ƙullun da ke riƙe shi da wuƙa kamar sauran masu aikin, sai ya bi gefe-gefe yana dannawa da babban yatsa. Wai wuƙa ba ta jin inda iska za ta shiga. Shi ya sa rabin tagogin garin nan ke ɗauke da yatsansa, ya bushe a jikinsu.

Wata rana 'yan sanda suka tare bakin titinmu da wata 'yar na'ura. An ce doka ta ba su dama su ɗauki zanen yatsun duk wanda suka ga dama, ko bai yi komai ba. Masu wayo suka zille ta lungu. Gwanin nawa kuwa ya jingine kekensa ya shiga layi da ƙafarsa, har da goge hannu a riga don zanen ya fito da kyau. Ya dawo yana yaba ladabin sajen da ke riƙe da na'urar, wai har Baba ya kira shi, ya kuma ce ba kama kowa ake yi ba.

Ba a jima ba ɓarayi suka shiga wani kantin magani ta taga. Sai ga motar 'yan sanda a ƙofar shagonsa, wai na'ura ta ce yatsansa ne a jikin tagar. Ya ce ƙwarai nasa ne, shi ya saka ta. Suka yi masa tambayoyi, suka sallame shi da godiya. Har dariya muka yi a ranar.

Daga nan dariya ta ƙare. Aka shiga shagon tela, aka zo aka ɗauki maigidana. Aka shiga wata makaranta, aka zo. Ba su taɓa sa masa ankwa ba, bai taɓa kwana a wurinsu ba, amma motar nan kullum sai ta tsaya inda duk titi zai gan ta. Wa zai kira mutumin da 'yan sanda ke yi wa zarya ya zo ya auna masa taga? Masu ba shi aiki suka fara janye jiki, gaisuwa ma daga nesa. Ɗan kwangilar da suka yi shekaru tare ya zo har gida, yana sosa ƙeya, ya ce shi dai bai yarda da maganar mutane ba, amma masu gidajen ne suka ce a canza hannu.

Da abin ya ishe shi, ya je ya sami sajen.

"Ranka ya daɗe, ku kai ni gaban alƙali mana, ya wanke ni kowa ya ji."

"Haba Baba, a wanke ka daga me? Ai ba mu tuhume ka da komai ba."

Ya roƙa a cire yatsansa daga na'urar. Aka ce wannan ba a hannunsu yake ba.

Sai ya sayi safar hannu. Ya koma shafe ƙullu da wuƙar da ya raina, in ya gama ya bi gilashin da tsumma ciki da waje. Wallahi ranar da na ga yana gwada safar a tsakar gida, ɗaki na shige na yi kukana. Da ƙyar wata tsohuwa da ba ta jin gulmar titi ta ba shi aikin tagogin gidanta, ya yi mata su tas.

Gidan ma aka shiga. Da na ji, na ce masa wannan karon dai ba su da abin da za su zo nema. Ban rufe baki ba muka ji tsayuwar motar.

Sajen bai zauna ba. Ya ce sun duba tagar, babu yatsan kowa, na ɓarawo babu, na wanda ya saka ta ma babu.

"Malam, mai aikin halal me zai sa ya riƙa goge yatsunsa?"

Maigidana ya tashi ya bi su mota. Na lura Baban da sajen ke kiransa ma ya faɗi a hanya, ya koma Malam.

Da la'asar suka sako shi, kamar kullum, ba kama shi aka yi ba. Tun ranar bai buɗe shago ba. Yana zama a ƙofar ɗaki, hannuwansa a tsakanin cinyoyi. Tagar ɗakinmu ta tsage tun kwanaki, iska na shigowa. Na yi masa magana har na gaji, ya ce in bar shi. Jiya na yanko kwali na toshe ta da kaina.