Shirun Hawa Na Tara

Kaka Ok ta fizge takardar daga bangon lif ta dunƙule. Ta uku ke nan a makon: "Masu ɗaki 904, ku hana 'yarku tsalle-tsalle. Akwai mutane a ƙasanku."

Ta sauka hawa na takwas ta buga ƙofar Malam Pyo, tsohon direban bas da ya yi ritaya.

"Na gaya maka yarinyar nan ba ta da lafiya. Ba tsalle take ba, faɗuwa take."

"Kowa haka yake cewa," in ji shi, yana sakace haƙori. "Duk birnin Daegu babu yaro mai ƙiriniya, sai marar lafiya. Ke jikarki ce?"

Ba jikarta ba ce. Ƙofarsu ce dai ke kallon juna, kuma tun yarinyar, Yeseul, na goye Kaka Ok ke dama mata kunun kabewa. Yanzu shekararta bakwai. A bara aka buɗe ƙeyarta aka cire ƙari, aka kai ɗan yanki ɗakin gwaji. Ranar da sakamako ya fito, Kaka Ok ce ta raka uwar. Likita ta ce ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna da wasu 'yan ƙofofi da suke karɓar saƙo, kuma a ƙarin Yeseul ƙwayar gadon da ke ƙera ɗaya daga cikinsu ta yi ƙarfi fiye da kima. Wannan alama ce ta irin ƙarin da ke yawan dawowa.

Ya kuwa dawo. Ƙafafun yarinyar suka daina jin maganarta. Ta miƙe za ta banɗaki, sai tim! Kafin uwar ta ɗaga ta, sandar goge-gogen Malam Pyo ta fara dukan silin daga ƙasa.

Wata rana da hantsi Kaka Ok ta shigo da kunu, ta tarar da Yeseul tana rarrafe a kan tabarmar roba.

"Ke 'yar nan, wasan mage kike?"

"A'a, Kaka. In na rarrafa ba na faɗuwa, kawun da ke ƙasanmu ba zai yi fushi ba."

Kaka Ok ta ajiye kwanon.

Yeseul ta rasu ranar Talata da la'asar, a gadon uwarta. A kwana na uku motar gawa ta biyo ta gaban bene, baban ya fito rungume da hotonta, maƙwabta sun jeru sun sunkuyar da kai. Malam Pyo yana can baya, hula a hannu. Ya matso zai yi gaisuwa, Kaka Ok ta sha gabansa.

"Malam Pyo, ka samu barci jiya?" Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Shirun ya yi maka? Ko a ƙara?"

Ya ja da baya, yana murza hularsa.

"Kaka, ki bari," Maman Yeseul ta ce a hankali. "Wannan ba zai dawo da ita ba."

"Ke kika yafe. Ni ban yafe ba."

Daga ranar ta ɗora masa karan tsana. Ta san ƙarfe tara yake fita kasuwa, don haka ƙarfe tara tana cikin lif. Ƙofa na buɗewa a hawa na takwas, sai ta yi masa murmushi.

"Ina kwana, maƙwabci? Ya shiru?"

Ko da mutum ɗaya, ko lif a cike. Matan benen suka ɗauka, har mai gadi ya daina amsa gaisuwarsa. Sau ɗaya Malam Pyo ya ce, "Ban san abin ya kai haka ba."

"Na faɗa maka. Kana sakace."

Sai ya daina shiga lif. Hawa takwas, da gwiwarsa mai ciwo, sama da ƙasa a ƙafa.

Ranar da aka cika kwana arba'in da tara da rasuwar, Kaka Ok ta dawo daga addu'ar yarinyar, turaren haikali na tashi daga rigarta. Lif ya tsaya a hawa na biyar, wata ta fita. Ta ƙofar matakala da aka bari a buɗe ta hango Malam Pyo zaune a kan mataki, yana haki, leda a gefensa. Ya ɗago suka haɗa ido.

Yatsanta na kusa da maɓallin riƙe ƙofa. Ba ta danna ba.

Ƙofar ta fara rufewa. Wani lemo ya zame daga ledarsa, yana gangarawa mataki bayan mataki, shi kuwa ya bi shi da kallo.