Wa Zai Ɗauki Kugan

"Ba za mu je ba, kuma ka daina kallona haka," in ji Janaka, yana naɗa bandeji a gwiwa.

Ruwantha na tsaye a ƙofar ɗakin canza kaya na kulob ɗinsu na ƙwallon ragbi a garin Kandy, sanye da fararen kayan zuwa gidan mutuwa. Sauran 'yan wasan kowa ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da tuni ya ɗaure.

"Al'adar kulob ce fa," Ruwantha ya ce. "Ɗan wasa in ya mutu, 'yan gaba ke ɗaukar akwatinsa. Bara da babur ya kashe Sahan, wa ya ɗauke shi? Kai, Janaka, kuka ka yi, majina har gemu."

"Sahan daban."

"Da me ya bambanta?"

Ai kowa ya sani. Sahan ɗan ƙabilar Sinhala ne kamar su. Kugan kuwa, abokin wasansu da za a yi jana'izarsa yau, Batamile ne, jikan masu tsinkar ganyen shayi a kan tsaunuka.

Koci ya matso ya dafa Ruwantha. "Ɗana, gobe wasan ƙarshe. An kai ku haikali an ɗaura muku zaren tsari. Duk wanda ya shiga gidan gawa ya kwaso ƙazanta, ba zai taɓa mini ƙwallo ba. Mun aika da fure, babba ma. Kuma ka san mutanen nan, ganguna da kururuwa. Ba sa son baƙi."

Baƙi! Kalmar ta daki Ruwantha a ƙirji. In an haɗa kafaɗu za a yi turereniya, Kugan ne a tsakiya, hannu ɗaya a wuyan Ruwantha, ɗaya a wuyan Janaka, guminsu ya cakuɗe har ba a san na wane ba. Ganyen Shayi suke kiransa. In ya kawo ƙwallo sai su ce, "Iya tsinka gado ne!" Shi kuma ya fi kowa dariya, don wanda bai yi dariya ba ba ya daɗewa a kulob ɗin.

Ranar Asabar turereniya ta rufta. Kowa ya miƙe yana kakkaɓe laka, ban da Kugan.

A asibiti babu abin da ke motsi a jikinsa sai baki, kuma bakin bai huta ba. "Ka gaya wa Janaka ya rage shinkafa," ya ce da Ruwantha. "Tumbinsa ne ya gama da ni." Ya juya ido wajen mahaifiyarsa. "Mama, kar ki wahalar da su Kawu. 'Yan uwana na kulob ne za su ɗauke ni. Ƙattai ne, za ki gani, ko girgiza ba zan yi ba."

Yanzu a ɗakin canza kaya, Ruwantha ya dubi Koci, ya dubi Janaka. Ya sa haƙori ya tsinke zaren da ke wuyan hannunsa, ya ajiye a kan benci.

"To ka san ba ka cikin wasan gobe," in ji Koci.

"Ku sa furen ya tura muku a turereniya," in ji Ruwantha.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan su Ruwantha da na su Kugan, gajeriya, wadda tun suna yara ake miƙo kwanon abinci ta kanta. Yau an kafa bishiyar ayaba a ƙofa, masu ganga na bugawa, ƙamshin turare ya cika layin. A inuwar mangwaro mahaifiyar Kugan ta jera kujerun roba, ta hana kowa zama. Tsofaffin da suka sauko daga tsauni suna tsaye a rana, saboda kujerun na 'yan wasa ne.

Ta tarbe shi tana leƙen bayansa. "Ɗana, ina sauran? Motar ce ta tsaya?"

Ƙarya ta zo masa har bakin leɓe, mai sauƙi, mai taushi. Ya haɗiye ta. Ba zai rufa musu asiri ba.

"Ba sa zuwa, Anti. Ni kaɗai ne."

Ba ta yi kuka ba. Ta juya wajen tsofaffin. "Ku zauna," ta ce. "Rana ta yi yawa."

Da lokacin fita ya yi, kawun Kugan ya kama gaban akwatin ta dama. Ɗan tsurut ne, bai kai hammatar Ruwantha ba. Ruwantha ya kama hagu, suka ɗaga, sai akwatin ya karkace, wani abu ya zame a ciki. Mata suka yi ƙara.

"Yaro, ka yi mana tsawo," in ji kawun a hankali. "Ko ka koma baya?"

"A'a, Kawu. Nan ne wurina."

Ya lanƙwasa gwiwoyi har kafaɗarsa ta yi daidai da ta tsohon. Akwatin ya daidaita. Haka suka gangara layin zuwa wurin ƙona gawa, tsohon na tafiya a miƙe, ƙaton na gefensa a rusune, cinyoyinsa na rawa.