Kayan Imro

Mu 'yan dakon duwatsun Tatra masu dusar ƙanƙara ba ma yar da kaya. Ka haɗa shi a kan katakon goyo, ka ɗaure, sai ƙofar masauki a can saman dutse. Wanda ya taɓa yarwa, har ya tsufa ana yi masa dariya a mashaya.

Ranar ni da Imro ne, mijin ƙanwata, mutum mai taurin kai kamar jaki. Shi da gangar giya da tukunyar gas, kayan sun zarce kansa da kamu biyu. Ni da buhunan dankali.

Raina bai kwanta ba tun daga ƙasa. Farkon hunturu an yi sanyi mai tsanani babu sabuwar dusar ƙanƙara, sai ta ƙasa ta koma gari-gari kamar sukari. Daga baya iska ta kwaso sabuwa ta daɓe a kanta. Sama tauri, ƙasa ba abin da ya riƙe ta.

A bakin kwazazzabon da hanya ke ratsawa na soka sanda. Ta huda saman da ƙyar, sannan ta zurma kamar babu komai.

"Imro, mu koma."

"Tsufa ne ya kama ka, Vavro. In dankalin ya yi maka nauyi, ɗora mini."

Ya shige. Wallahi na ji haushinsa, na tsaya ina kallon ƙeyarsa.

Yana tsakiya sai dutsen ya yi wani gum a ƙarƙashinmu, har cikin cikina na ji shi. Tsaga ta buɗe a ƙanƙarar da ke sama da shi, ta ruga har wancan gefen.

"Zare hannunka daga igiyar," na ce a hankali. "Saki kayan."

"Ban taɓa ba."

"Yau za ka fara, ɗan banza. Saki."

Ya dube ni, ya gyara igiyar kafaɗa, ya ɗaga ƙafa. Ƙanƙarar gangaren gaba ɗaya ta zame, ta tafi da shi, ta binne shi.

Ni na yar da nawa. Na sauka da gudu ina faɗuwa, tsoro ya cika ni. Babu shebur, wane ɗan dako ne zai ƙara wa kansa nauyi? Can ƙasa na hango kan katakonsa ya ɗan leƙo. Na tona da hannu, ƙanƙarar ta daskare kamar siminti, faratuna suka fashe. Na ciro gangar, na yanke igiyoyin, na isa fuskarsa. Na ƙwaƙule masa baki da yatsa, ya yi tari.

Na ci gaba da tono har na fito da shi sarai. Na zauna ina haki, ina zaginsa, ina kuka.

"Vavro," ya ce, "bar zagin. Ɗauke mini kayan nan daga kan ƙafafuna, ba na jin su."

Na duba. Babu komai a kan ƙafafunsa.