Amsar Gwaggo Ma'u

Takardun jarrabawa arba'in da biyu ne a kan tabarma, Malam Zainul Abidin ya danne su da dutse don kada iska ta kwashe. La'asar ta yi sanyi a Kankia. A gefensa, ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ƙanwar mahaifinsa Gwaggo Ma'u tana ɓare gyaɗa cikin ƙwarya.

Tambaya ɗaya ya yi wa ɗaliban ajin ƙarshe: me ya sa soyayyar saurayi da budurwar da ke cikin wasan kwaikwayon da suka karanta ta ƙare a kabari? Rabin ajin sun ce ƙaddara ce. Wasu sun ɗora laifin kan gabar da ke tsakanin gidajen biyu. Wata yarinya ta cika shafi uku tana zagin ɗan aiken da ya makara. Dariya ta kuɓuce masa, Gwaggo ta ɗago kai.

"Kai da takarda kuke hira?"

Ya ba ta labarin a taƙaice: gidaje biyu da ba sa ga-maciji, 'ya'yansu suka so juna, suka ɓoye, daga ƙarshe aka binne su rana ɗaya.

Ta fasa gyaɗa biyu kafin ta yi magana. "Kwana nawa suka yi da sanin juna?"

"Bai fi mako ba."

"Su ba su da gwaggo ne?"

"Tsoro suka ji, Gwaggo. Babu wanda suka tunkara a cikin dangi."

"To, ba gaba ce ta kashe su ba. Wane gari ne babu gaba? Kuma ana aure. Yara ne suka ɗauki kayan da manya ke ɗauka, suka kama gudu da shi." Ta hure ɓawon da ke tafin hannunta. "Kai kuma, darasin nan na Asabar da kake zuwa yi Kusada, tun yaushe makarantar ta koma rugar Jaji ta bayan ƙauyen Boko?"

Jan biron ya tsaya a hannunsa.

Adawiyya ɗiyar Jaji ce. Tare suka yi kwalejin horon malamai da Zainul, yanzu tana koyar da 'ya'yan makiyaya. Shekara shida ke nan da shanun mahaifinta suka faɗa gonar gyaɗar mahaifinsa, Malam Ummaru, suka cinye rabi. An sasanta a gaban mai gari, amma tun daga ranar Malam Ummaru ko nono ba ya sha in ya ji daga rugar ya fito. Zainul ya yi wata goma yana neman Adawiyya a ɓoye. Har ya cike takardar neman a mai da shi aiki Funtuwa, da tunanin in ya yi nisa komai zai zo da sauƙi.

Duk ya faɗa mata, kansa a sunkuye.

"Ajiye takardar nan," in ji ta. "Ka ba ni zuwa kaka. Kuma kada ka sake zuwa can sai na ce."

Ba ta yi gaggawa ba. Zuwanta na farko rugar, man shanu kawai ta saya a wurin Hawwa'u, mahaifiyar Adawiyya, suka yi hirar ciwon gwiwa. A na biyu ta tafi da goro. A gida kuwa, kullum tuwon Malam Ummaru sai ya zo da man shanu yana naso a kan miya. Sai da ya yi makonni yana suɗe kwano sannan ta gaya masa inda man ya fito.

Ya daɗe yana kallon kwanon. "Ma'u, akwai abin da kike ƙullawa."

"Akwai, Yaya."

Ta faɗa masa maganar Zainul da Adawiyya. Kwana uku bai yi wa kowa magana ba sai sallama. Zainul ya rame, Gwaggo kuwa ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Bayan an yanke dawa, wata safiya Malam Ummaru ya kira Zainul zaure. "Kara na nan zube a gona, ƙasar kuma tana son taki. Ka je ka gaya wa mutumin nan, in yana so ya kawo shanunsa."

Ranar Asabar shanun suka shigo gonar, a fili, da hantsi. Jaji ya zo da sandarsa a kafaɗa. Dattawan biyu suka gaisa, gaisuwar ta yi tsawo, kowa yana duban ƙasa. Zainul ya tsaya daga nesa, bai san inda zai sa hannuwansa ba.

Malam Ummaru ya nuna wani jan bijimi da haɓa. "Wancan na gane shi. Shi ya ja gaba a waccan shekarar."

"Wancan an yanka shi tuntuni, Malam," in ji Jaji. "Wannan ɗansa ne."

Malam Ummaru ya ƙara duban bijimin, yana tauna kara a natse. Sannan ya kakkaɓe gindin wata bishiyar ƙirya da hularsa, ya matsa gefe.

"Zauna," ya ce. "Dama maganar 'ya'ya ce ta tara mu."