Sandar Kakan Dogo

Malamar tarihi ta ba 'yan aji aiki: kowa ya nemi wani dattijo ya ji yadda unguwa take a da, ya rubuta, ya shigar a rumbun bayanai na aji da ke cikin kwamfutar ɗakin karatu. Auta, da yake hannunta na da sauri, ita aka ɗora wa tace aikin, ta gyara rubutu, ta cire abin da aka shigar sau biyu.

Garin neman gira aka rasa ido. Ta ga labari biyu masu take ɗaya, "Mashigar Kogi", ta goge guda ba tare da ta buɗe ba. Ashe fankon ta bari, cikakken ta share.

Labarin na Dogo ne, ɗan ajinsu mai zama a layin baya. Kakansa ne ke haye da mutane a kwale-kwale tun kafin a gina gada. Da Auta ta gaya masa, bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mata ciwo.

"Ba ka da muryarsa a waya?" ta tambaya.

"Na goge, wayar ta cika. Kuma tun bayan hirar ɓarin jikinsa ya shanye. Ba ya magana yanzu."

Auta ta je wurin Malama idonta jawur. Malama ta duba kwamfutar ta ko'ina, labari ya tafi.

"Share hawayenki," ta ce. "Ke da Dogo ku koma gidan kakan nasa."

"Malama, ai ba ya magana."

"Shi kaɗai ya taɓa haye kogin?"

Da yamma suka tafi. Sun tarar da tsohon a kujera a baranda, an rufa masa ƙafa da bargo, sandarsa a hannun da ke motsi. Matarsa na gefe tana ɗinke matashi. Auta ta durƙusa ta gaishe su, ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Wannan ne abin kuka?" in ji tsohuwa. "Ai labaran nan na haddace su, tun ina amarya yake cika min kunne da su."

Ta fara. Ta ce kwale-kwalen nasa na aro ne. Sai ji suka yi ƙwas, ƙwas! Tsoho ya buga sanda a ƙasa, yana harararta.

"To, naka ne, na ji! Kun gan shi ko? Da bakinsa bai taɓa yarda da ni ba, balle yanzu da ya ɗauki sanda lauya."

Dogo ya tuntsire da dariya. Nan suka yi yarjejeniya: bugu ɗaya gaskiya, bugu biyu a sake lale. Auta na rubutu, Dogo na tambaya. Hayaniyar ta jawo wani tsohon tela, maƙwabcinsu, ya leƙo ta kan katanga, can ya zagayo da kujerarsa.

"Kun gaya musu shekarar babban ruwa?" ya ce. "Ranar da mace ta haihu a tsakiyar kogi?"

Dogo ya zaro ido. "Kaka bai gaya min wannan ba."

"Ina zai gaya maka? Kunya ce da shi. Kowa ya ƙi shiga ruwan nan, shi ya ɗauke ta zai kai ta asibiti. Kafin su kai gaɓa yarinya ta faɗo, ya cire rigarsa aka naɗe ta."

Tsoho ya sunkuyar da kai. Can ya buga sanda sau ɗaya, a hankali.

"Yarinyar ta rayu?" in ji Auta.

"Rayu? Wa kike tsammanin ke sayar wa tsohon nan magani? Mai kantin bakin titi mana."

Dogo ya ruga. Bai jima ba ya dawo da matar, da farar rigar aikinta. Ta san a jirgi aka haife ta, amma ba ta taɓa sanin mai jirgin ba. Ta durƙusa gabansa ta riƙe hannunsa.

"Baba, ashe kai ne? Duk shekarun nan ba ka faɗa ba?"

Bakin tsoho ya motsa, magana ba ta fito ba, amma gefen fuskarsa mai lafiya sai murmushi yake.

Washegari suka shigar da labarin tare. A gurbin wanda ya ba da labari, Auta ta rubuta mutum huɗu, ta sa tsohon a farko. Malama ta karanta har ƙarshe a tsaye, sannan ta ce a karanta wa aji.

Da aka tashi, Dogo ya tsayar da Auta a ƙofa.

"Mai kanti ta ce mahaifiyarta na nan da rai, za ta kawo ta ranar Asabar. Za ki zo?"

"In dai kakarka ba za ta ce na cika mata gida ba."

"Ita ta ce in gaya miki ki zo da biro biyu."